Kujeru bakwai na Maori: wa ya aiko ka majalisa, wa zai iya mayar da kai gida?

Ranar 14 ga Nuwamba 2024, ana tsaka da ƙirga ƙuri'u a zauren majalisar dokokin Niyu Zilan da ke Welinton, sai 'yar majalisa mafi ƙarancin shekaru a zauren, Hana-Rawhiti Maipi-Clarke, ta miƙe tsaye. Ta ɗaga murya da kirarin gargajiyar nan da Maori ke kira “haka” a harshensu, ta yaga takardar ƙudurin da ake magana a kai gida biyu, ta fito tsakiyar zaure tana buga ƙafa. Abokan jam'iyyarta suka bi ta, mutanen da ke zaune a benen 'yan kallo suka amsa, har sai da kakakin majalisa ya dakatar da zama. Ƙudurin na David Seymour ne, shugaban jam'iyyar ACT, yana neman a sake fassara manufofin Yarjejeniyar Waitangi ta 1840, wadda sarakunan Maori suka ƙulla da masarautar Birtaniya. Bidiyon ya zagaya duniya cikin kwana guda, kuma a watan Afrilun 2025 majalisa ta kayar da ƙudurin da ƙuri'a 112, masu goyon baya 11.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan lamari shi ne kujerar da ta miƙe daga kanta. Maipi-Clarke na wakiltar Hauraki-Waikato, ɗaya daga cikin mazaɓu bakwai da aka keɓe wa masu zaɓen da suka yi rajista a kundin Maori. A zaɓen 2023, tana da shekara 21, ta kayar da Nanaia Mahuta, ministar harkokin waje ta lokacin, wadda take majalisa tun 1996. Dukansu biyun Maori ne. Masu zaɓen Maori ne suka sauke ɗaya suka ɗora ɗaya, ba tare da neman yardar kowa ba. A ganina duk gardamar da ake yi kan gyaran tsarin zaɓe da wakilcin 'yan asali tana komawa kan wannan iko na ɗorawa da saukewa, ko da yake mafi yawan masu gardamar sun fi son su tsaya ƙirga fuskoki.

“'Yan asali” a nan na nufin al'ummomin da Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka tarar a ƙasa, suka mamaye su, har baƙin suka koma masu rinjaye, masu gida suka koma tsiraru. Maori a Niyu Zilan, Aborijin a Ostireliya, Inuwit da sauran ƙabilun farko a Kanada, Sami a arewacin Turai. Matsalarsu a akwatin zaɓe ta lissafi ce. Idan kana kashi 5 ko 17 cikin ɗari na al'umma, kuma a warwatse kake cikin kowace mazaɓa, to a tsarin da wanda ya fi ƙuri'a ke kwashe kujera shi kaɗai, za ka iya jefa ƙuri'a shekara ɗari ba ka taɓa zaɓar wanda ya ci ba.

Kujerun Maori ba don soyayya aka kafa su ba. A 1867, ƙurar yaƙe-yaƙen ƙwace filaye ba ta gama lafawa ba, majalisa ta yi dokar da ta ware kujeru huɗu, uku a Tsibirin Arewa, ɗaya a na Kudu. Dalilin da aka bayar shi ne a lokacin sai mai mallakar fili da sunansa ke da ƙuri'a, su kuwa Maori filayensu na dangi ne, don haka kusan duka ba su cika sharaɗi ba. Aka ce na shekara biyar ne kawai, kafin a gama mayar da filayen na daidaikun mutane. Aka ƙara wa'adi a 1872, a 1876 aka mayar da shi na dindindin. Turawa na da kujeru 72 a lokacin. Da an bi yawan jama'a, da Maori sun sami 14 ko fiye. Huɗun nan kuwa haka suka tsaya cak har shekara 129, yayin da kujerun gama-gari suka haura zuwa 95.

Yadda ake zaɓen ma abin dubawa ne. Bature ya samu ƙuri'ar sirri tun 1870, amma Ba-Maori sai ya ɗaga hannu a bainar jama'a, daga baya kuma ya tsaya gaban malamin zaɓe ya faɗi sunan wanda yake so da bakinsa, kowa na ji. Sai a zaɓen 1938 ya fara shiga ɗaki shi kaɗai da takardarsa. Har zuwa 1967 doka ba ta ba cikakken Ba-Maori damar tsayawa takara a mazaɓar gama-gari ba, kuma sai a 1975 aka bar shi ya zaɓi kundin da yake so sunansa ya shiga. Wato tsawon ƙarni guda kujerun nan shinge ne da ya tsare Maori a kusurwa. Duk da haka daga cikinsu aka samu irin su Apirana Ngata, wanda ya riƙe mazaɓar Maori ta Gabas daga 1905 zuwa 1943, wanda hotonsa ke jikin takardar dala 50 ta ƙasar a yau, da Iriaka Ratana, mace ta farko Ba-Maoriya da ta shiga majalisa a 1949.

Gyaran tsarin zaɓe kuwa ta wata ƙofa daban ya shigo, kuma ba kukan Maori ne ya kawo shi ba. A zaɓukan 1978 da 1981 jam'iyyar Leba ta fi jam'iyyar National yawan ƙuri'u a faɗin ƙasa, amma National ce ta kafa gwamnati sau biyun, domin ta fi cin mazaɓu. A 1981 jam'iyyar Social Credit ta samu sama da kashi 20 cikin ɗari na ƙuri'u, ta tashi da kujeru biyu cikin 92. Sai kuma gwamnatocin da suka biyo baya, na Leba da na National, suka riƙa aiwatar da tsauraran manufofin tattalin arziki da ba su faɗa wa masu zaɓe ba lokacin kamfe. Jama'a suka ƙoshi. A ƙuri'ar raba-gardama ta 1993, kusan kashi 54 cikin ɗari suka zaɓi a koma tsarin da ake kira MMP, wanda aka aro daga Jamus, aka fara aiki da shi a 1996. A 2011 aka sake tambayarsu, kusan kashi 58 suka ce a bar shi.

Ga yadda yake aiki. Takardar ƙuri'a ɗaya ce, amma gida biyu gare ta. A hagu mai zaɓe zai yi maki a gaban jam'iyyar da yake so, a dama kuma a gaban mutumin da yake so ya wakilci mazaɓarsa. Makin hagu shi ke yanke yawan kujerun kowace jam'iyya cikin 120: wadda ta samu kashi 30 na ƙuri'un jam'iyya, za ta samu kusan kashi 30 na kujeru. Za a fara ƙirga mata mazaɓun da 'yan takararta suka ci, sannan a cike mata ragowar daga jerin sunayen da ta miƙa kafin zaɓe, daga sama zuwa ƙasa. Sharaɗin shiga rabo shi ne jam'iyya ta kai kashi 5 cikin ɗari, ko ta ci mazaɓa ɗaya. Wanda ke kundin Maori shi ma maki biyu gare shi kamar kowa. Na jam'iyya nauyinsa ɗaya da na kowane ɗan ƙasa, na mazaɓa ne kawai ke faɗawa a mazaɓar Maori maimakon ta gama-gari. Wannan ya kamata a riƙe shi da kyau, domin da yawa daga masu sukar kujerun suna magana kamar Ba-Maori na da ƙuri'ar da ta fi ta maƙwabcinsa, alhali ba haka ba ne.

Hukumar bincike ta musamman da ta ba da shawarar MMP a 1986 ta kuma ba da shawarar a soke kujerun Maori idan an karɓi sabon tsarin. Hujjarta mai ƙarfi ce, kuma ba ta ƙiyayya ba ce. Ta ce muddin Maori na killace a mazaɓu huɗu, sauran 'yan majalisa ba su da dalilin damuwa da su, tunda ba su da ƙuri'arsu. Amma a tsarin da kowace ƙuri'ar jam'iyya ke da daraja ko daga ina ta fito, dole kowace jam'iyya ta yi zawarcin Maori, ta sa 'ya'yansu a saman jerin sunayenta. Har ta ce a ɗage wa jam'iyyun Maori sharaɗin kaso. Ƙudurin farko da aka kai majalisa ya bi wannan shawara. Maori suka yi taruka suka ce ba su yarda ba, aka ja da baya, aka bar kujerun, aka kuma cire musu ƙaidin huɗu: daga yanzu yawansu zai riƙa bin yawan waɗanda suka zaɓi kundin Maori. Suka zama biyar a 1996, shida a 1999, bakwai a 2002.

Dole a faɗi gaskiya, hasashen hukumar ya tabbata ta fuskar adadi. Bayan zaɓen 2023, 'yan majalisa 33 cikin 123 jinin Maori ne, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu, alhali Maori ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na al'ummar ƙasar ba. Mafi yawansu ta jerin sunaye ko mazaɓun gama-gari suka shigo. Masu son a soke kujerun da wannan suke kafa hujja, tun daga Don Brash, wanda ya mayar da batun taken siyasarsa a 2004 yana jagorancin National, har zuwa yau. Suna cewa abin da aka yi don wucin gadi ya gama aikinsa, kuma raba kundin masu zaɓe bisa asali abu ne da bai dace da ƙasar da ke cewa kowa daidai yake a gaban doka ba. Ba magana ce ta banza ba. Duk wanda ya san abin da raba kundin zaɓe bisa launin fata ya haifar a Afirka ta Kudu ta zamanin wariya, yana da hakkin ya ji tsoro.

Sai dai adadin nan na 33 yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci. David Seymour, mai ƙudurin da aka yaga, shi ma yana da jinin Maori, daga ƙabilar Ngapuhi. Winston Peters, shugaban jam'iyyar New Zealand First, wanda ya yi kamfe a 2017 da alkawarin ƙuri'ar raba-gardama kan soke kujerun, shi ma Ba-Maori ne. Ba na zargin ko ɗayansu da cin amana. Suna faɗin ra'ayinsu ne da ra'ayin waɗanda suka zaɓe su. Amma waɗanda suka zaɓe su mafi yawansu ba Maori ba ne. Ɗan majalisar da ya shigo ta jerin sunaye, makomarsa na hannun shugabannin jam'iyyar da ke tsara jerin. Wanda ya shigo ta mazaɓar gama-gari, makomarsa na hannun masu rinjaye a mazaɓar. Idan ranar ta zo da buƙatar Maori ta ci karo da buƙatar masu rinjaye, asalin mutum ba zai tsare masa kujera ba. Bakwai ɗin nan ne kaɗai idan suka juya wa Maori baya za su rasa kujerunsu, idan kuma suka tsaya musu babu wanda zai iya kore su.

An ga ranar a 2004. Kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2003 cewa ƙabilun Maori na da damar zuwa kotu su nemi a tabbatar musu da hakkinsu na gado a kan gaɓar teku da ƙasan ruwa. Gwamnatin Leba ta Helen Clark, ganin yadda hankalin masu rinjaye ya tashi, ta kawo dokar da ta mallaka wa gwamnati wuraren ta rufe ƙofar kotu. Tariana Turia, minista a gwamnatin kuma mai wakiltar mazaɓar Maori ta Te Tai Hauauru, ta ajiye muƙami, ta ajiye kujera, ta koma gaban masu zaɓenta, suka dawo da ita a zaɓen cike gurbi ƙarƙashin sabuwar Jam'iyyar Maori. A 2005 jam'iyyar ta ƙwace huɗu daga cikin bakwai, a 2008 biyar, ta shiga yarjejeniya da National, kuma a 2011 aka soke waccan doka aka maye gurbinta da wata. Da Turia ta jerin sunaye ta shigo, da ranar da ta bijire ita ce ranar ƙarshen siyasarta. Kuma sandar da ta daki Leba ita ce ta dawo kan Jam'iyyar Maori: a 2017 masu zaɓen suka ga ta daɗe a gindin National, suka kwashe kujeru bakwai ɗin duka suka miƙa wa Leba, jam'iyyar ta fita majalisa gaba ɗaya. A 2023 suka mayar wa Jam'iyyar Maori da shida.

Indiya ta nuna ɗaya fuskar lamarin. A majalisar wakilanta mai kujeru 543, an keɓe 47 ga ƙabilun asali, 84 kuma ga 'yan rukunin da tsarin gado ya danne, waɗanda ake kira Dalit. Amma can ɗan takara ne kawai dole ya fito daga rukunin. Kowa da kowa a mazaɓar ke jefa ƙuri'a. Ambedkar, jagoran Dalit, ya nemi a ba su kundin zaɓe nasu, Gandhi ya shiga yajin cin abinci don hana hakan, suka sasanta a yarjejeniyar Puna ta 1932. Ambedkar ya ci gaba da ƙorafin cewa a irin wannan tsari, masu rinjaye ne ke zaɓar wa tsiraru wanda zai yi magana da yawunsu, kuma sukan zaɓi wanda ba zai dame su ba. A yankunan da ƙabilun asali ke da rinjaye matsalar da sauƙi, amma a inda suke tsiraru, kujerar tasu ce a suna kawai.

Ba ina cewa keɓaɓɓun kujeru su kaɗai sun isa ba. Daga 1943 zuwa 1993 duka huɗun na hannun Leba, sakamakon ƙawancenta da ɗariƙar addini ta Maori mai suna Ratana, kuma abin da ya biyo baya shi ne kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: Leba ta san ƙuri'un nata ne ko ta yi ko ba ta yi ba, National ta san ba za ta samu ba ko ta yi, don haka babu wanda ya wahalar da kansa. Abin da ya sa kujerun suka yi daraja shi ne zuwan MMP. Tun 1996 sau ɗaya tak, a 2020, wata jam'iyya ta samu rinjaye ita kaɗai. Kullum sai an nemi abokan haɗaka, kuma a irin wannan ciniki kujeru uku ko huɗu na iya ɗora gwamnati. Rabon kujeru bisa yawan ƙuri'u ya buɗe wa Maori ƙofar kowace jam'iyya, keɓaɓɓun mazaɓu kuma suka ba su wakilan da ke tsoron fushinsu. Kuskuren hukumar 1986 shi ne ɗaukar ɗaya a matsayin madadin ɗaya. Akwai kuma wahalar da ba a cika faɗa ba: mazaɓar Te Tai Tonga ta haɗe dukan Tsibirin Kudu da wani yanki na Welinton, mutum ɗaya ke zagaya ƙasar da 'yan majalisa 16 na gama-gari suka raba a tsakaninsu.

Sauran ƙasashe kowacce da hanyarta. Kolombiya ta ware wa 'yan asali kujeru biyu a majalisar dattawa tun kundin tsarin mulkin 1991, Bolibiya bakwai cikin 130 a majalisar wakilai, Taiwan shida cikin 113. Nowe ta kafa wa Sami majalisarsu daban a Karasjok a 1989, amma ikonta taƙaitacce ne, shi ya sa ko bayan kotun ƙoli ta yanke a 2021 cewa injinan samar da lantarki daga iska da aka kafa a Fosen sun keta hakkin makiyayan Sami, sai da matasa suka toshe ƙofofin ma'aikatu a Oslo a 2023 kafin gwamnati ta motsa. Kanada ba ta keɓe ko ɗaya ba, kuma firaministanta na lokacin, Justin Trudeau, wanda ya yi alkawarin cewa zaɓen 2015 ne na ƙarshe a tsarin da wanda ya fi ƙuri'a ke kwashe kujera shi kaɗai, ya janye alkawarin a 2017. Ostireliya ta fi ba ni tausayi. A ranar 14 ga Oktoba 2023 aka tambayi jama'a ko a kafa wa Aborijin majalisar ba da shawara kawai, marar ikon yin doka ko hana ta, kusan kashi 60 cikin ɗari suka ce a'a, haka ma dukan jihohi shida, alhali a rumfunan ƙauyuka masu nisa inda Aborijin suka fi yawa, e ce ta yi rinjaye.

Wannan ya kawo mu kan tambayar wa ke da hurumin yanke hukunci. Dokar zaɓe ta 1993 ta kulle sassan da suka shafi mazaɓun gama-gari, ba a taɓa su sai da kashi 75 cikin ɗari na 'yan majalisa ko ƙuri'ar raba-gardama. Sassan da suka kafa mazaɓun Maori ba su da wannan kulle. Rinjayen ƙuri'a ɗaya ya isa a share su. An kai ƙudurin daidaita su a 2018, bai wuce ba. Kiran a yi ƙuri'ar raba-gardama ta ƙasa baki ɗaya yana da daɗin ji, amma ma'anarsa a tambayi mutum huɗu cikin biyar ko na biyar ɗin yana buƙatar abin da aka ba shi don kariya daga rinjayensu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma an riga an samar da hanyar jin ra'ayin mai ɗakin. Babu Ba-Maorin da aka tilasta wa shiga kundin Maori. A da sai bayan ƙidayar jama'a, kusan duk shekara biyar, ake buɗe damar sauya kundi na 'yan watanni. Tun 2023 mutum na iya sauyawa kusan kowane lokaci, ban da watanni ukun da ke gab da zaɓe. Yawan kujerun na hawa da sauka ne bisa wannan zaɓi. Idan Maori suka ga kujerun sun daina amfanar su, za su kwashe sunayensu zuwa kundin gama-gari, bakwai su koma biyar, biyar su koma uku, ba tare da wani ya ɗaga hannu a majalisa ba. A halin yanzu kaɗan sama da rabin masu zaɓen Maori suna kundin Maori, sauran suna na gama-gari, kuma adadin kujerun bai motsa daga bakwai ba tun 2002.